Maki 1490 a SAT da burin shiga BS/MD: ta sake zama ko ta haƙura?

Baban Asma'u ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, domin kwana uku ke nan maganar ta hana ni barci.

Shekarata 19 a Amurka, a jihar Ohio nake zaune, aikina kai marasa lafiya wankin ƙoda da mayar da su gida. Babbar 'yata Asma'u ta gama aji 11 a wannan watan na Yuni. Tun tana aji 9 take cewa likita za ta zama, a bara kuma ta zo mana da maganar tsarin da ake kira BS/MD, wato a ɗauki yaro tun daga sakandare a ba shi gurbin digirin farko da gurbin makarantar likitanci a haɗe, ya gama duka cikin shekara 7 ko 8, wasu ma 6. Da ta gama yi mini bayani na ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Na ga yaran abokaina da suka gama digiri suka yi shekara biyu suna neman makarantar likitanci, ba na son ta shiga wannan zullumin in da hali.

Ga inda muke. Ta zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, sau biyu. A watan Maris ta samu 1450, lissafi 730, karatu da rubutu 720. A watan Mayu ta samu 1490, lissafi 780, karatu da rubutu 710. In an ɗauki mafi kyau daga kowane zama aka haɗa, ya zama 1500 cif. Matsakaicin makinta na makaranta, wato GPA, 3.9 ne a ma'aunin 4.0, ta yi AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, na ilimin halittu da na sinadarai, a aji 12 za ta yi na lissafi da na kimiyyar fiziks. Duk ranar Asabar tana aikin sa kai a wani gidan kula da tsofaffi kusa da mu, shekara ɗaya da rabi ke nan ba ta fasa ba sai da dalili. Akwai kuma wata likitar iyali da ta yarda ta riƙa bin ta a asibitinta kwana uku a mako cikin watan Yuli tana kallon yadda ake aiki.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, wani kamfanin koyar da jarrabawa ya kira ni. Matar da ta yi magana ta ce duk wanda bai kai 1550 ba kada ma ya ɓata kuɗin fom a kan BS/MD. Suna da aji na mako 8, kwana huɗu a mako, dala 2,400, don zaman SAT na watan Agusta. Kuɗin ba kaɗan ba ne a wurina amma zan iya ƙara awannin aiki in haɗa. Matsalar ita ce lokacin ajin ya yi karo da na bin likitar nan, dole a bar ɗaya.

Ni mutum ne da ya taso da sanin cewa maki shi ke yanke hukunci, wanda ya fi ka maki ya riga ka shiga, magana ta ƙare. Don haka zuciyata tana ce mini in biya kuɗin. Mahaifiyarta ta ce a bar yarinya ta huta, ita kuma Asma'u in na tambaye ta sai ta ce duk yadda na gani. Wannan "duk yadda ka gani, Baba" ɗin shi ya fi damuna.

Tambayata: da gaske 1490 ba zai kai ta ko'ina ba? Ko ta gwada ACT, ɗaya jarrabawar neman shiga jami'ar? Kuma tsakanin ƙarin maki 50 da wata guda a asibiti, wanne masu ɗaukar ɗalibai suka fi kallo?

Dakta_Ummi ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya Asma'u, ya yi mata albarka. Ni likitar yara ce, ta hanyar da aka saba na shiga, digiri shekara 4 sannan MCAT, wato jarrabawar neman gurbin likitanci, sannan makarantar likitanci, amma na taimaki yara da yawa wajen cike irin waɗannan takardu, bari in faɗa maka abin da na sani.

Matar da ta kira ka kaya take tallatawa, kuma mai talla ba zai ce maka ba ka buƙatar kayansa ba. Sai dai ba duk maganarta ce ƙarya ba. Guraben nan kaɗan ne ƙwarai. Wasu shirye-shiryen yara goma zuwa ashirin suke ɗauka a shekara, masu nema kuwa ɗaruruwa ne ko dubbai, kuma kusan kowa a cikinsu gwani ne a makarantarsu. Saboda haka makin waɗanda ake ɗauka yakan yi sama sosai. Amma ka lura da wannan: don waɗanda aka ɗauka suna da maki mai yawa, ba yana nufin makin ne ya sa aka ɗauke su ba. In masu 1550 sun fi guraben yawa sau goma, da me za a zaɓa a tsakaninsu? Ba da maki ba dai.

Aikin makin shi ne ya sa a buɗe fayil ɗin yarinya a karanta. Wasu shirye-shirye suna rubuta mafi ƙarancin makin da suke karɓa ƙarara, wanda bai kai ba ko dubawa ba a yi. Wasu ba sa rubutawa. Daga nan sai a shiga rubutun da ta yi kan dalilin son likitanci, da wasiƙun malamai, da abin da ta yi da hannunta kusa da marasa lafiya, sannan a kira kaɗan zuwa ganawa. Wanda ya kai ga ganawa, mafi yawan nauyin ya koma kan bakinsa da halinsa.

Kuma shirye-shiryen ba iri ɗaya ba ne, kada ka zuba su a kwando ɗaya. PLME na Jami'ar Brown shekara 8 ne, shi kaɗai ne irinsa a cikin jami'o'in Ivy League, wato rukunin wasu fitattun jami'o'in Amurka, ba a buƙatar MCAT, kuma dole ka fara cancantar shiga Brown ɗin kanta, wadda ta dawo da wajabcin SAT ko ACT a sanarwar da ta yi a 2024 bayan shekarun korona da aka bar shi zaɓi. A irin wannan wuri 1490 yana ƙasa-ƙasa, gaskiya ɗaya ce. Case Western da ke Cleveland, nan jiharku, tana da nata na shekara 8, Jami'ar Rochester ma haka, duka biyun gasarsu mai zafi ce. Amma akwai na Jami'ar Missouri da ke Kansas City, shekara 6 babu dogon hutu, yara suna fara ganin marasa lafiya tun shekarar farko, sai dai sun fi ba 'yan jiharsu fifiko kuma kuɗin baƙo ya fi yawa. Akwai na Sophie Davis a Harlem, wanda aka kafa a 1973 don samar da likitoci ga unguwannin da ba su da su, mafi yawan ɗalibansa 'yan jihar New York ne. Akwai na Howard a Washington. Kwalejin likitanci ta Albany tana da haɗin gwiwa da makarantu uku, kowanne da abin da yake nema: na RPI bincike, na Union shugabanci da tafiyar da harkar lafiya, na Siena hidima ga jama'a. Yarinyar da ta shekara ɗaya da rabi tana kula da tsofaffi, ka ga ai akwai inda labarinta ya fi dacewa.

Ka tabbatar jerin da kuke aiki da shi sabo ne. Northwestern ta rufe nata, Jami'ar Boston ta rufe nata na shekara 7, na Rice da Baylor ma an daina. Har yanzu ina ganin iyaye suna yawo da tsohon jeri.

Game da haɗa maki daga zama biyu: jami'o'i da yawa suna karɓa, amma akwai shirye-shiryen likitanci da suke son makin zama ɗaya. Asma'u ta buɗe takarda, ta rubuta kowane shiri, ta sa mafi ƙarancin maki, ko suna karɓar haɗi, da ranar rufewa. Da yawa 1 ga Nuwamba ne ko kusa da haka, sun riga na sauran ɗalibai. In ba ta da takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin a duba wannan ma tun yanzu, domin da yawa ba sa ɗaukar wanda ba shi da ɗaya daga cikinsu.

Ra'ayina: kada a taɓa watan Yulin nan na asibiti. In za ta sake zama a Agusta ta sake, amma ba da barin likitar ba.

Maman Sadiq ta amsa:

Baban Asma'u, wallahi da na karanta saƙonka kaina na gani shekara huɗu da suka wuce.

Ɗana ya zauna SAT sau huɗu. Ya fara da 1480, ya ƙare da 1570. Ni na matsa. Duk hutun bazara biyu a kan tebur ya yi su, na cire shi daga aikin da yake yi a wurin raba abinci ga mabuƙata don kada ya raba hankali. Ranar da 1570 ya fito na kira 'yan'uwa ina kuka, a ganina an gama. Ya nemi shirye-shirye tara. Biyu suka kira shi ganawa. Babu ko ɗaya da ya ɗauke shi.

Da ya dawo daga ganawa ta biyu ya zauna a mota ya yi shiru, can ya ce, Mama sun tambaye ni wani lokaci da na zauna da mara lafiya, abin da na gani da abin da ya canza a tunanina, ni kuma ba ni da abin faɗa sai kakata da na ji labarin ciwonta a waya. Wannan maganar har yau tana ci mini rai, domin ba laifinsa ba ne. Ni na hana shi samun abin faɗar.

Ɗaya daga cikin ganawar irin wadda ake zagaya ɗakuna ce, kowane ɗaki 'yan mintuna, a ba ka wani yanayi a ce me za ka yi. Misali abokinka ya yi satar amsa, ko mara lafiya ya ƙi maganin da zai cece shi. MMI suke kiranta, a Jami'ar McMaster ta Kanada aka ƙirƙiro ta. Babu littafin haddar da zai fitar da yaro a wannan. Yaron da ya saba zama da mutane, ya taɓa rarrashin tsoho mai rigima ya ci abinci, shi ke da bakin magana.

Alhamdu lillahi bai lalace ba. Ya shiga jami'ar jiharmu da tallafi mai kyau, kuma makin nan nasa ya taimaka wajen tallafin, ba zan ɓoye wannan ba. Ya yi horon ma'aikacin motar asibiti a shekararsa ta farko, yanzu yana shirin MCAT. Ya fi yadda yake a da natsuwa nesa ba kusa ba, kuma yanzu in ka tambaye shi me ya sa yake son likitanci sai ka gaji da saurare.

'Yarka tana da abin da nawa bai samu ba. Tsofaffin nan na ranar Asabar, ta san sunayensu, ta san wanda 'ya'yansa suka daina zuwa, wataƙila wani ya rasu a gabanta. Ka ce ta samu ɗan littafi ta riƙa rubuta abin da ta gani duk ranar da ta dawo, ba tare da sunan kowa ba. Lokacin rubuta takardun neman shiga za ta gode maka.

Abu_Fahad ya amsa:

Ni ban yarda a yi wa maki riƙon sakainar kashi ba. Labarin Maman Sadiq gaskiya ne amma labarin yaro ɗaya ne. Akwai kuma yara masu kyakkyawan labari da ba a taɓa buɗe fayil ɗinsu ba saboda sun gaza da maki 10. Su ba sa zuwa su ba da labari.

Malamin lissafi ne ni a sakandare, ina ganin wannan duk shekara. Ku dubi lambobin yarinyar. Lissafi 780, saura 20 ya cika, babu abin nema a can. Inda maki yake kwance shi ne karatu da rubutu, 710 da 720. Tun da jarrabawar ta koma kwamfuta a Amurka a Maris 2024, wannan ɓangaren tambaya 54 ne a kashi biyu, kuma wahalar kashi na biyu ta danganta da yadda ka yi a na farko. Wanda ya yi sakaci a kashin farko za a ba shi na biyu mai sauƙi, amma makinsa ba zai kai sama ba ko ya cinye duka. A matakin da take, tambayoyi ƙalilan ne tsakaninta da 750. Kuma wani sashe na tambayoyin nan ƙa'idojin rubutu ne zalla, inda waƙafi yake shiga, yadda ake haɗa jimla biyu, dacewar aikatau da mai aiki. Waɗannan ana koyonsu cikin mako uku.

Ba ta buƙatar dala 2,400. Manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya SAT, tana da cikakkun jarrabawoyin gwaji kyauta, Khan Academy ma kyauta ne. Awa ɗaya a rana, gwaji ɗaya cikakke duk mako, sannan ta zauna da kowace tambayar da ta faɗi har ta gane dalili. In Agusta bai yi ba akwai Oktoba, amma ya matse da ranar rufewa.

ACT kuwa, a teburin daidaita makinsa da na SAT na 2018, 1490 yana daidai da 34 cikin 36. Sai ta ci 35 kafin a ce ta ƙaru, kuma salonsa daban ne, ya fi son sauri. Ta yi gwaji ɗaya a gida da agogo. In ba ta ga bambanci a fili ba ta manta da shi.

Zee_MS1 ta amsa:

Ina wuni Baba. Ni ɗaliba ce a ɗaya daga cikin irin waɗannan shirye-shirye, na gama ɓangaren digirin farko na shiga shekarar farko ta likitanci. Ku yi haƙuri in na yi tsawo.

Makina bai kai 1550 ba lokacin da aka ɗauke ni. A ajinmu akwai waɗanda suka fi ni sosai, akwai waɗanda na fi. Bayan makon farko ban sake jin wani ya ambaci SAT ba. Abin da nake so ku sani shi ne abin da ke zuwa bayan an shiga, domin mu ma a gidanmu mun ɗauka in an samu gurbi shi ke nan.

Gurbin yana da sharaɗi. Dole ka riƙe GPA a wani mataki, musamman a darussan kimiyya, kuma sinadaran halitta ba ya wasa da kowa. Wasu shirye-shiryen sun yafe MCAT, wasu kuma sai ka zauna ka kai makin da suka gindaya. Jarrabawa ce ta kusan awa bakwai da rabi, ɓangare huɗu, maki daga 472 zuwa 528. Na san waɗanda suka rasa gurbinsu a nan. Akwai ma shirye-shiryen da in ka karanta takardarsu da kyau, ganawa kawai suka yi maka alkawari, ba gurbi ba. Wasu kuma in ka nemi wata makarantar likitanci daban ka saki naka. Duk waɗannan a tambaya kafin a sa hannu.

Don haka maganar Malam Abu_Fahad tana da wani amfani da bai faɗa ba. Jarrabawa ba ta ƙarewa a wannan aikin. Bayan MCAT akwai matakan USMLE, jarrabawar samun lasisin aikin likita, na farkon ya koma ci ko faɗuwa kawai tun Janairun 2022 amma na biyun har yanzu da maki, kuma shi ake kallo wajen neman horon ƙwarewa. In Asma'u ta koyi zama ita kaɗai ta gano inda take kuskure ta gyara, ba tare da an biya wani ya tsaya a kanta ba, wannan zai bi ta har can.

Sai maganar kuɗi. Tallafin da ake samu a digirin farko ba ya bin mutum zuwa makarantar likitanci, can yawanci bashi ne. Kuma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta sa iyaka ga bashin gwamnatin tarayya na ɗaliban irin wannan karatu, dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya, ga masu fara karɓa daga Yulin 2026. Akwai makarantun da kuɗinsu na shekara ya wuce haka in an haɗa da masauki. Wani lokaci jami'ar jiha mai sauƙi sannan a nemi likitanci daga baya ta fi arha nesa.

Kuma hanyar da aka saba ba rufaffiya ba ce. A 2023 mutum sama da 52,000 suka nemi makarantun likitanci masu ba da digirin MD a Amurka, kusan 23,000 suka shiga. Wannan ya fi damar shiga BS/MD daga sakandare sau da yawa. Akwai kuma tsarin da ake nema a shekara ta biyu ta jami'a, kamar FlexMed na Mount Sinai a New York wanda ba ya buƙatar MCAT. Akwai haɗaɗɗun shirye-shirye na DO, wani digirin likitanci daban da MD, masu shi su ma likitoci ne cikakku, tun 2020 horon ƙwarewarsu a tsari ɗaya yake da na masu MD.

Abu na ƙarshe Baba, ku gafarce ni. "Duk yadda ka gani" ɗin nan na san ta, na faɗe ta sau da yawa. Ni lokacin da nake faɗa, ina da amsa a raina, tsoro nake kada in zaɓa abin ya ƙi a ce ni na jawo. Kuma ina ganin yadda mahaifina yake dawowa a gajiye, ba na son in ce kada ya kashe kuɗin ya ji kamar na raina ƙoƙarinsa. Ku fita da ita ku biyu kawai, ba a teburin da takardun suke ba, ku tambaye ta me ta fi so a ranakun Asabar ɗin nan. Kada ku ambaci maki sai ita ta ambata.

Baban Asma'u ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Dakta, jerin da ke hannunmu har da biyu daga cikin waɗanda kika ce an rufe, mun share su. Maman Sadiq, Allah ya ba Sadiq sa'ar MCAT, na karanta wa mahaifiyar Asma'u saƙonki har ta share hawaye.

Zee 'yata, na bi shawararki. Jiya bayan la'asar na ce ta raka ni in sha wa mota mai, muka tsaya a bakin wani wurin shaƙatawa. Na tambaye ta tsofaffinta. Ta yi kusan minti arba'in tana magana, ni da nake cewa yarinyar ba ta da surutu. Ta ba ni labarin wata tsohuwa da ta manta sunan kowa har 'ya'yanta, amma in aka fara wata waƙa ta ƙuruciyarta sai ta bi ta daga farko har ƙarshe ba kuskure. Asma'u ta ce tun ranar take karanta yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye abu, tana son ta san me ya sa waƙa ta tsaya suna ya tafi. Shekara ɗaya da rabi ina kai ta ina ɗauko ta, ban taɓa jin wannan ba. Ni ma da nake ɗaukar masu wankin ƙoda sau uku a mako na san irin abin da mutum yake ji a wurinsu, amma ban taɓa kawo wa raina cewa shi ne abin da makarantun suke tambaya ba.

Ita da kanta ta kawo maganar SAT. Ta ce 710 ɗin nan yana ba ta haushi, domin ta san lokaci ne ya ƙure mata a kashi na biyu ta yi ta cike-cike a tambayoyi huɗu na ƙarshe. Tana son ta sake zama a Agusta, amma ba ta son ajin, kuma ba za ta bar likitar ba. Mun yi rajista daren jiya. Za ta riƙa karatu na awa ɗaya bayan sallar asuba kafin ta fita, gwaji cikakke ranar Lahadi, kamar yadda Malam Abu_Fahad ya tsara. Mun yi da ita cewa wannan ne zama na ƙarshe, ko me ya fito da shi za a tura. Kamfanin sun sake kira yau da safe na ce musu mun gode.

Ta buɗe takardar da Dakta ta ce. Yanzu akwai shirye-shirye bakwai a ciki, da jami'o'i huɗu na hanyar da aka saba, biyu a nan Ohio. Ni ne na ce a ƙara layi na kuɗin shekara takwas gaba ɗaya a gaban kowanne, bayan abin da Zee ta faɗa kan bashi, kuma da na ga jimillar wasu sai da na tashi na sha ruwa.

Saura tambaya ɗaya, Dakta. Shugabar ma'aikatan jinya ta gidan tsofaffin ta san Asma'u fiye da kowane malami, ita ta ce za ta rubuta mata wasiƙa in ana so. Likitar kuma wata ɗaya kawai za ta san ta, amma likita ce. In shiri ya ba da damar ƙarin wasiƙa ɗaya bayan na malaman makaranta, ta wa ya kamata mu nema?